Ruwan Inabi

Kunnen matata ya fara nauyi ne a shekarata ta huɗu a Riyad. Ba a rana ɗaya ya tafi ba. Da farko in na kira ta sai ta ce, "Ɗaga murya, layin ba shi da kyau." In ɗaga, ta ce har yanzu dai. Na daɗe ina zagin layi, ashe ba laifinsa ba ne. An kai ta likita a Maraɗi, aka ba ta maganin ɗigawa, aka ce a dawo. Da aka koma sai aka ce sai haƙuri.

Daga nan maganarmu ta koma ta bakin mutane. In na aika saƙon murya, babban ɗanmu ko matarsa ne za su saurara, sannan su matsa kusa da kunnenta na dama, wanda yake da ɗan saura, su faɗa mata da ƙarfi. Darnin kara ne ya raba mu da maƙwabta. Abin da aka faɗa da ƙarfi a tsakar gidanmu, gida uku ne suke jin sa. To me mutum zai ce wa matarsa ta bakin surukarsa, kuma da ihu? Sai na koma ina lafiya, ina gaida kowa, a kula da tumaki, a gaida liman. Shekara biyar abin da nake ce mata ke nan. Mu da a da in muka zauna hira bayan la'asar, sai kiran magariba ya tashe mu.

Ita ta iya karatu. Ta yi lakwal, makarantar boko, shekara uku tana yarinya, daga baya ta shiga ajin yaƙi da jahilci na mata, tana karanta Hausar boko sarai. Ni ne ban iya ba. A sito ɗin da nake aiki a Sulai ina gane kwali da launinsa da zanen jikinsa, kuma har lokacin ban taɓa ɗora kayan wani a motar wani ba. Amma sunan da ke jikin iƙamata, wato katin izinin zamana, sai dai in yarda da abin da aka ce an rubuta.

Wanda ya koya mini wani nas ne, Bakano, da ke aiki a wani asibiti. Yakan zo unguwarmu Manfuha ran Juma'a ya ci tuwo, a nan muka saba. Na girme shi nesa. Yana ce mini Baba, ina ce masa Malam. Da na gaya masa dalilina, sai Juma'ar da ta biyo baya na gan shi da littafin rubutu da fensir biyu. Muka riƙa zama a ɗakinmu bayan an sauko daga masallaci, muna dafa littafin a kan wani kwalin firiji. Hannuna ya saba da buhu, fensir ya yi masa ƙanƙanta, na karya da yawa. Haruffa biyu, b da d, sun wahalar da ni wata uku. Malam ya ce in riƙe haka: b tumbinta a gaba yake kamar na mudir ɗinmu, wato manajan sito, d kuwa ta goya nata a baya kamar mai jego.

Da na shekara na fara rubuta 'yan layuka a takarda, Malam ya duba ya gyara, in ɗauki hotonsu da waya in tura mata. Ita ma ta rubuto a takarda ta turo. Amma me nake rubutawa? Ina lafiya. Ina gaida kowa. A kula da tumaki. Tunda Malam zai gani. Na cire surukata daga tsakaninmu, na sa Bakano.

Abokin ɗakina Badamagare ne, direban motar sanyi. In bazara ta yi, inabi yake ɗaukowa daga wani ɗan ƙaramin gari da ke kan hanyar Ƙasim yana kawowa kasuwa. Kullum ya dawo sai ya ishe mu da labarin garin, wai in ka shiga gonakinsa sai ka manta a Saudiyya kake. Rannan yana cikin labarin sai Malam ya ajiye fensir ya ce, "To mu je mu gani mana. Ga motata. A Turai akwai garuruwa irin wannan, ƙanana, ba abin da suke yi sai noman inabi. Mutum ya taso daga wata ƙasa takanas don ya zaga gonaki, ya ɗanɗana giyar wannan gona, ya ɗanɗana ta waccan."

Badamagare ya ce, "Kun ji Bakano ko? Duk inda ake shan wani abu ya san hanya."

"A waya na gani, kai."

"Haka kuke cewa dukanku."

"Baba, ka ga irin wanda kake kwana ɗaki ɗaya da shi? Mutumin da ya shekara uku yana ɗaukar inabi, ko ƙwaya ɗaya bai taɓa kawo maka ba."

"Amanar mutane ce!"

"Rowa dai."

Muka tashi wata Juma'a bayan asuba. Ni a gaba, Badamagare a baya yana nuna hanya kamar shi ya shimfiɗa ta. Rabona da fita daga Riyad tun zuwana Umra. Allunan kan hanya suna ɗauke da sunayen garuruwa da Larabci a sama, da boko a ƙasa, sai na ce bari in gwada. Kafin in haɗa harafi na uku mun wuce allon. Na sake gwadawa a na gaba, haka. Malam ya ga leɓena yana motsi. Da muka hango allo na gaba sai ya rage gudu, ya rage, har wata tirela a bayanmu ta danna mana oda kamar za ta tsaga kunne. Na karanta sunan garin har ƙarshe. Badamagare ya ce, "Madalla. Saura ka karanta mana lambar tirelar da za ta taka mu."

Hantsi ya ɗaga sosai muka isa. Garin titi ɗaya ne babba. A shataletalensa an gina nonon inabi na siminti, kowace ƙwaya ta kai tulu girma, an shafa masa shunin fenti da rana ta cinye. Akwai gidan mai, da shagon burodi, da rumfunan masu sayar da inabi a bakin titi, sun jera shi cikin fararen akwatuna. Bayan masallaci ga tsofaffin gidajen laka da aka bari, da indararo, da ƙananan tagogi. Na tsaya na dafa wata katanga. Laka ce da ciyawa, irin tamu sak, har da sawun yatsun magini.

Mai gonar da Badamagare yake ɗaukar wa kaya wani tsoho ne siriri mai jan gemu. Ya tare mu a bakin ƙofa yana ta "Hayyakumullah", ya kama hannun Badamagare bai saki ba har muka shiga. Waje zafi kamar bakin tanda. Muna sunkuyawa ƙarƙashin rumfar inabin sai na ji kamar an zuba mini ruwa a ka. An kafa bututun ƙarfe an ja waya a sama, inabin ya hau ya rufe ko'ina, tafiya mai nisa ba ka ganin sama sai ta tsakanin ganye. Siraran tiyo baƙaƙe suna bin gindin kowace bishiya suna ɗigar da ruwa kaɗan-kaɗan. Nonnan inabi suna reto a daidai goshinmu, fari da baƙi, wasu an sa musu jakar takarda. Tsohon ya nuna sama ya yi kukan tsuntsu da bakinsa, ya yarfa hannu, muka gane saboda su ne. Ya ciro almakashi daga aljihu ya yanko mini nono guda, ya ce, "Kul, kul," wato in ci. Ban taɓa cin inabin da ɗumin rana ke jikinsa ba. Wanda na sani na firiji ne.

Su Malam suka yi gaba suna musu a kan wanda ya fi zaƙi tsakanin farin da baƙin. Ni na tsaya. Hasken da ke ratso ganye yana sauka ƙasa ɗigo-ɗigo, yana motsi in iska ta kaɗa. Na san wannan hasken. A gidan su matata, lokacin da nake zuwa zance, akwai wata rumfa da yaɗo ya lulluɓe. A ƙarƙashinta nake samun ta da tire a cinya, hasken yana yawo a fuskarta haka, ita kuma ta ƙi ɗago kai. Shekara talatin ban tuna rumfar nan ba. Na tsaya da inabi a hannu ina ta kallon ƙasa, har tsohon ya dawo ya taɓa kafaɗata ya tambaya ko lafiya.

Ya shimfiɗa mana darduma a inuwar. Aka kawo gahawa da dabino. Sannan ya shiga wani ɗan ɗaki, muka ji ƙarar injin markaɗe, ya fito da jug cike da wani abu jawur mai kumfa, da ƙanƙara a ciki. Ya ce, "Asir. Asir inab. Ishrab." Da Larabci asir shi ne duk abin da aka matse daga 'ya'yan itace. Na sha kofi ɗaya, ya ƙara. Na sha, ya ƙara. Badamagare yana ba shi labari da guntun Larabcinsa wai Kanawa ba su taɓa ganin inabi ba sai a kalanda, tsohon yana dariya har da dukan cinya, ko ya gane ko bai gane ba. Muka yi Juma'a a masallacin garin, sahu bai fi shida ba. Muka ci kabsa, shinkafarsu da nama, a gidansa, ya cika mana bayan mota da inabi, muka kamo hanya da la'asar.

A hanyar dawowa ban karanta allo ko ɗaya ba. Wasiƙa nake haɗawa a kaina, kuma na riga na yanke cewa wannan Malam ba zai gan ta ba.

Kwana biyu na yi ina rubuta ta, lokacin hutun azahar, a bayan tulin kwalaye a sito. Na faɗa mata garin, da nonon siminti, da katangar laka. Na faɗa mata rumfar, na ce ta tuna mini ta gidansu, ta duma, inda nake samun ta tana ɓarar gyaɗa. Na rubuta cewa hasken yana nan yadda na bar shi a fuskarta. Da na gama wannan layin sai da na waiga ko wani yana kallona.

Da na zo kan abin da muka sha sai na tsaya. In na rubuta asir, za ta karanta asiri. Ta ce an kai ni ƙauyen Larabawa an ba ni asiri na sha, hankalinta ya tashi a banza. Na yi ta juya fensir. Ana cewa ruwan lemo, ana cewa ruwan rake. Shi ke nan. Na ji daɗin wayona ƙwarai, na rubuta: "Na sha ruwan inabi kofi uku, jikina ya saki, na yi ta dariya, na ji kamar ina ɗan shekara ashirin."

Na ɗauki hoto na tura.

Ta saba mayar mini da amsa kafin rana ta faɗi. Wayar ta nuna an buɗe saƙon. Rana ta faɗi, shiru. Washegari shiru. Ni ko kusa hankalina bai je kan abin sha ba. Kan rumfar ya je. Na ce wa kaina, kai tsoho da jikoki, me ya kai ka? Ka ba 'yar mutane kunya. Wataƙila ita "ina gaida kowa" ɗin ya ishe ta, kai ne kake ganin an rasa wani abu. Wataƙila shekarun nan sun yi mana abin da rubutu ba zai gyara ba. A rana ta uku na ɗora kwali ashirin a motar da ba tasu ba, karo na farko tun da na fara aikin. Mudir ya dube ni ya ce, "Esh fik?" wato me ke damuna. Na ce ba komai, na sauke su.

A rana ta huɗu hoton takarda ya shigo. Na zauna a kan wani buhu na bi shi harafi-harafi.

"Maigida. Na karanta. Kalma biyu ne ban gane ba, ruwan inabi. Na kwafe su a wata takarda na kai wa maƙwabciya, su kaɗai. Wasiƙar ba wanda ya gani. Ta ce giya ce, haka suke kiran ta a majami'arsu. Kofi uku. A ƙasa mai tsarki. Kwana uku ban iya cin abincin kirki ba. Ka gaya mini gaskiya."

Maƙwabciyar tamu Kirista ce, aminiyarta tun suna amare, kuma ta fi kowa karatu a layinmu. Ba za ta yi mata ƙarya ba.

Na karanta sau uku. Kunya ta kama ni, tsoro ya kama ni. Amma kowane karo idona sai ya koma kan layi ɗaya: wasiƙar ba wanda ya gani.

Ran Juma'a na jira muka zauna a gaban kwalin firiji, na ce, "Malam, in mutum ya ce ruwan inabi, me ya ce?"

Ya ce, "Giya mana. Ita ce ta Turawan nan da na ba ku labari. Ina ka ji?"

Na gaya musu, ban da zancen rumfa. Malam ya yi ƙoƙarin riƙe fuskarsa saboda girmana, ya kasa, ya kifa kai a kan kwalin kafaɗunsa suna rawa. Badamagare kuwa har da birgima a katifa.

"Kofi uku! Alhaji, ashe kai ne babba a cikinmu! Ni ina ta zargin Bakano!"

"Ka rufa mini asiri."

"Ka ga asirin da ka guda, ga shi kana nema!"

Da ya gaji da dariya ya share hawaye ya miƙo hannu. "Kawo wayar. Ni shaida ne, a gabana aka markaɗa shi. In yi wa ɗanka saƙo, ya faɗa mata a kunne, minti ɗaya an gama."

Na ce, "Gida uku su ji ana ihun giya a tsakar gidana?"

Malam ya ce, "To bari in rubuta maka, Baba. Layi biyar, in bayyana mata tsaf, ka kwafe da hannunka. Matar nan tana can ba ta cin abinci."

Gaskiya ya faɗa, kuma na ji nauyin maganar. Nasa zai fi kyau, zai fi sauri. Amma ita da ta rasa gane kalma, ba ta miƙa wa kowa wasiƙata ba. Kwafe kalmar ta yi, ta ɗauke ta ita kaɗai ta kai gidan maƙwabta. In na sake sa wani a tsakani, ban san ranar da zan iya cire shi ba.

Na ce, "Na gode, Malam. Ni ta tambaya."

Sai ya zaro fensir daga aljihun rigarsa, ya fere shi da kyau, ya ajiye mini a kan kwalin. Ya ce wa Badamagare, "Taso ka saya mini shayi, marowaci." Suka fita suka ja mini ƙofa.

A take na tura mata layi ɗaya: "Wallahi ba giya ba ce, ki ci abinci, bayani yana zuwa." Bayanin ya ɗauke ni kwana uku, shafi huɗu. Na fara tun daga yadda inabi yake hawa waya. Na faɗi tsohon da jan gemunsa da carbin da ke wuyan hannunsa. Na faɗi ƙarar injin markaɗe, da ƙanƙara, da cewa daga tsinkowa zuwa sha ko rabin sa'a ba a yi ba, kuma daga kan dardumar muka wuce masallaci. Na faɗa mata yadda na guje wa asir don kada ta ce asiri. Da na ga takarda ta rage sai na ci gaba. Na faɗa mata kwali ashirin ɗin da na ɗora a motar da ba tasu ba. Na faɗa mata abin da na yi zato a kwana ukun da ta yi shiru, cewa na ba ta kunya, cewa ba ta son irin wannan magana daga bakina kuma. Na goge wurare da yawa har takardar ta huje a gefe ɗaya. Na tura a haka.

Amsar ta zo washegari da hantsi, ina tsakiyar lodi. Na roƙi wani ya riƙe mini, na koma bayan kwalaye.

"Maigida. Na yarda tun a layin farko, na ci tuwo. Amma na karanta har ƙarshe, sau huɗu. Inabi da b ake rubuta shi, inadi ka sa har wuri biyu. Rumfar Inna ba ta duma ba ce, ta soso ce. Kuma ba gyaɗa nake ɓara ba, zogale nake zagewa. Fuskar dai tawa ce. Da nake ƙin ɗago kai, ina ganin ƙafafunka, kullum da sabon wanki. Ba ka ba ni kunya ba. Shekara biyar ba ka yi mini magana mai tsawon wannan ba. In sai ka yi kuskure za ka yi, to ka riƙa yi. In za ka zo, ka taho mini da zabibin garin, in raba da maƙwabciya."

Na damƙe wayar cikin tafin hannuna na zauna. Daga waje direba yana danna oda, mudir yana "Yalla, yalla." Na bar su suka ɗan jira.

Malam yana zuwa har yanzu kowace Juma'a. Yanzu karatun allunan hanya muke yi da takardun magani. Wasiƙun ba ya tambayar su. Badamagare ne kawai, in ya shigo ya same ni sunkuye a kan kwalin firiji, sai ya ce, "Alhaji, yau kuma kofi nawa?"

In ce masa shafi biyu, kuma ban gama ba.